Mangwaron da Ciyaman Ya Jera

Ba wanda ya zaɓe shi, ba wanda ya naɗa shi. Shi ya dawo daga birni da kwat mai gajerun hannuwa da usur rataye a wuya, ya ce daga yau a riƙa ce masa Ciyaman. Mutanen unguwa kuwa, da yake sun daɗe ba su sami abin dariya ba, suka ce to, Ciyaman.

Abin da ya yi a birni ba ɓoyayye ba ne. Aikin jera kujeru ya yi a wani babban ɗakin taro. Da safe ya ja igiya ya jera su, manya su zo su zauna su yi ta surutu, da yamma ya goge ya kwashe. Amma in ka ji shi yana ba da labari, sai ka rantse shi ne ke zama a kujerar tsakiya. Duk maganar da ta faɗo masa a kunne ta taga ya tsince ta ya zuba a aljihu, irin su tsari da mataki da hangen nesa da ci gaba mai ɗorewa. Ko sannu ka ce masa sai ya jefo maka ɗaya.

Gidan ubansu ya sauka, inda yayarsa take zaune tun rasuwar mijinta. Ita ta goye shi yana jariri, saboda haka kwat ɗin bai taɓa ba ta tsoro ba. Kowa a unguwar Yaya yake ce mata. Tana da ciwon gwiwa, kuma da wannan gwiwar take bin sauran mata kowace safiya zuwa rijiyar bayan tudu, don rijiyar unguwa ta daɗe da ƙafewa. Ta tafi da jarka a hannu tana ɗingishi, ta dawo da ita a ka rana ta take. In da abin da Yaya take roƙon Allah ya nuna mata kafin ta bar duniya, to ruwa ne a kusa.

Ana nan sai ga mutanen wata ƙungiya da mota cike da dashen mangwaro, kowanne a cikin 'yar baƙar leda. Aka taru a gindin tsohon mangwaron unguwa, inda ake kowane taro, inda kuma mai aski yake da bencinsa. Shugabarsu mace ce mai tabarau, ba ta da yawan magana. Ta ce sun raba dashen biyu, rabi nan, rabi unguwar ƙetaren rafi. Famfon burtsatse guda ne a hannunsu. Za su dawo bayan wasu watanni, unguwar da ta raya nata dashen ita za a haƙa wa, don suna so su ga mutanen da suka iya riƙe abin jama'a.

Motar na tashi, Yaya ta ce abin ai mai sauƙi ne. Kowane gida ya ɗauki nasa ya dasa a bakin magudana, inda ruwan wanka da na wanke-wanke yake bi. Ba sai an ɗebo masa ruwa daban ba, kuma yana cikin katanga. Mata suka ce wannan haka yake. Har an fara miƙa hannu, sai aka ji usur.

Ciyaman ne ya haye bencin mai aski da takalmi.

"Kowa ya ajiye!" in ji shi. "A bakin magudana? Irin wannan tunanin ne ya hana mu ci gaba. Wani a bayan madafa, wani a bayan makewayi. In baƙi sun zo sai mu bi da su lungu-lungu suna leƙa inda mutane ke wanka? Ni na ga yadda manya suke yi. Abu in ba a jere yake ba, ba a yi shi ba."

"Kai ɗan nan," in ji Yaya, "cewa aka yi a raya, ba a ce a jera ba."

"Yaya, a nan wurin ni ba ƙanenki ba ne. Ciyaman ne."

"Ciyaman ɗin da na sha wanke wa wando? Sauko daga bencin mutane."

Aka yi dariya, amma maza suka fara kallon juna. Mutumin nan fa ya zauna a birni, ya kuma san irin maganar da masu tabarau suke so. Mai aski ya ce a bar shi ya gwada mana. Akwai wani ƙato mai turin baro, wanda duk abin da aka faɗa sai ya ce haka ne, shi kuma ya ce, "Haka ne, Ciyaman." Shi ke nan, aka loda dashen unguwa kaf a baro, mata suna kallo.

A duk faɗin unguwar wuri ɗaya ne miƙaƙƙe, wato burtali, hanyar da shanu da awaki suke bi su fita kiwo da safe su dawo da yamma. Nan Ciyaman ya kafa turaku ya ja igiyarsa. Suna cikin haƙa ramuka makiyayi ya zo ya dogara da sanda.

"Sannu da aiki, Ciyaman. Me ake binnewa a hanyar shanu?"

"Dashe ake yi. Daga yau wannan titin ci gaba ne. Tun daga bakin kwalta baƙi za su hango shi."

"To dabbobin ta ina za su bi?"

"Ta tsakiya, a natse. Za a wayar musu da kai."

"Su wa?"

"Dabbobin."

Makiyayi ya nuna masa wani jan bajimi da sanda. "Allah ya ba da sa'a. Ka fara da wancan, shi ne bai je makaranta ba."

Yaya ta ce tunda an riga an yi ɓarnar, a kewaye kowane dashe da ƙaya. Ciyaman ya ce ƙaya ƙauyanci ce. Ya sa mai baro ya kwaso duwatsu, suka shafe su da farin fenti, suka kewaye kowane dashe da su. Abin ya yi kyau, ba laifi. Washegari awaki suka zo suka ci ganyen ƙasa, ƙananansu kuma da ba su kai na sama ba suka taka fararen duwatsun suka kai.

Burtali kuma ba magudana. Saboda haka kowace safiya sai Ciyaman ya tsaya a bakin hanya da usur, ya ce kowace mace ta ƙaro jarka ɗaya don ban ruwa. Shi bai taɓa ɗaukar ko kofi ba, ya ce aikinsa sa ido ne. Mata suka yi ta zagi a ciki, amma suka ɗebo. Yaya ma ta koma zuwa rijiya sau biyu, gwiwa ta kumbura kamar ƙwarya. In an ce ta huta, sai ta ce ba don shi take yi ba, don famfo take yi.

Abin da awaki suka rage kuwa, Ciyaman ne ya ƙarasa da hannunsa. Kullum sai ya durƙusa a bakin layi, ya rufe ido ɗaya, ya bi igiya da kallo. In ya ga wani ya ɗan karkace, sai ya tumɓuke shi ya gyara masa zama. Sannan ya ce dole manya su kasance a gaba, ƙanana a baya, kamar yadda ake zaunar da mutane a ɗakin taro. To duk wanda akuya ta cinye wa kai ya zama ƙarami, sai a tumɓuke shi a mayar baya, a ciro na baya a kawo gaba. Gobe akuya ta cinye shi ma, a sake sauya musu wuri. Akwai dashen da ya zaga layin nan kaf bai kwana biyu a rami ɗaya ba.

Ran nan Yaya ta same shi da ɗaya a hannu, ƙasa tana zuba daga saiwar.

"Saki itacen nan! Jiya can ka dasa shi, yau ka kawo shi nan. Yaushe zai kama ƙasa?"

"Gyaran tsari ne, Yaya."

"Itace ba kujera ba ne, mara kunne!"

"Matsalarki ba ki da hangen nesa."

"Ina da shi. Daga nan ina hango famfon nan yana ƙetare rafi."

Ba a jima ba layin ya koma tsinkaye a tsakiyar fararen duwatsu. Da mutane suka tare shi a gindin mangwaro, sai ya ce kada kowa ya tayar da hankali, dashen ya shiga mataki na biyu ne, hutawa yake yi.

Mai aski ya tsaya da aska a hannu ya ce, "Irin hutun da kakana ya shiga? Don shi har yau bai tashi ba."

"Haka ne," in ji mai baro.

Mata suka daina ban ruwa. Shi kuwa bai daina busa usur ba.

Kwatsam sai direban ƙungiya ya biyo ya ce gobe masu dubawa suna tafe. Da yamma Yaya ta zaunar da ƙanen nata a tsakar gida. Ta ce ya fito gaban matar nan ya faɗi gaskiya, ya ce kuskure aka yi, a roƙe ta ta ƙara musu wani dashen da wani lokacin. Wataƙila ta duba wahalar mata.

"Ni in ce na yi kuskure?" Ya gyara wuyan kwat. "Yaya, ki je ki kwanta. Akwai tsarin gaggawa."

Gari na wayewa ya naɗa mai aski shugaban tarbar baƙi. Ya ce ya kwashi mazan unguwa duka su je can mararraba su tsaya, kada wanda ya dawo sai tare da motar. Mai aski ya ji an ba shi girma, ya sa sabuwar riga ya ja zuga. Mata kuwa dama sun tafi rijiya. Unguwa ta rage daga Ciyaman sai mai baro, sai adda da gatari.

Da mata suka gangaro daga tudu da jarkoki a ka, sai ta gaba ta tsaya cak, na baya suka yi karo da ita. Burtalin da suka bari da tsinkaye ya zama lambu. Itatuwa ne kore shar, kowanne ya fi mutum tsawo, sun jeru dama da hagu kamar an auna da ma'auni. Wasu har da 'ya'ya suna reto.

Yaya ta sauke jarka ta ɗingisa ta kama ɗaya. Ta ɗan murɗa shi, sai ya juya a cikin raminsa kamar muciya. Ta duba, ta ga duk an ɗaure su da igiya ɗaya daga na farko har na ƙarshe don kada su karkace. Ta ɗaga kai ta dubi inda ta saba ganin duhun tsohon mangwaro a saman rufin gidaje. Ba ta ga komai ba sai sarari fetal.

"Innalillahi," in ji ta. "Kai ɗan nan, me ka aikata?"

"Mataki na uku ke nan," in ji Ciyaman. Hannuwansa duk ƙaro, ga ganye maƙale a gashinsa.

Mata suka gane. Sai maƙwabciyar Yaya ta matso ta kama mata hannu. "Yaya, don girman Allah ki yi shiru. Ɓarna dai an riga an yi. In matar nan ta leƙo daga mota ta wuce, mun sami ruwa."

"Ni dai ƙarya ba zan yi ba."

"Ba a ce ki yi ba. Bakinki kawai za ki riƙe."

Yaya ta dubi gwiwarta, ta dubi tudun da ta gangaro. Ta ja tsaki, ta zauna a kan jarkarta, ta ja bakinta ta tsuke.

Da baƙin sun zo da hantsi, wa ya sani. Amma baƙi irin waɗannan ba su zuwa lokacin da suka ce. Rana ta take, ganye ya fara sunkuyar da kai. Ciyaman ya sa aka tuttule ruwan shan da mata suka ɗebo a gindin rassan da ba su da bakin sha. Da ya ga bai yi ba, sai ya riƙa cika bakinsa da ruwa yana bi yana fesa wa ganyen kamar mai guga, mai baro yana biye yana yi musu fifita da murfin kwano. Azahar ta wuce. Lambun ya yi laushi kamar an tsoma shi a ruwan zafi.

Sai wajen la'asar motar ta iso, mazan unguwa suna biye a ƙafa, yunwa da rana sun gama da su. Mai tabarau ba ta leƙo daga mota ta wuce ba. Fitowa ta yi, ta tako har cikin burtali.

Ciyaman ya busa usur, ya buɗe baki da ci gaba mai ɗorewa, ya zuba hangen nesa, ya ɗora mataki a kai. Ta bar shi sai da numfashinsa ya ƙare.

"Dashen da muka kawo ne wannan?"

"Shi ne, ranki ya daɗe."

"Har da 'ya'ya."

"In aka jera itace daidai, ba ya ɓata lokaci."

Ta gyara tabarau ta leƙa cikin wani reshe. "Wannan tsohuwar sheƙar fa?"

"Tsuntsaye ma sun ba da haɗin kai, ranki ya daɗe."

Sai ta juya ta ga tsohuwa zaune a kan jarka. Ta rusuna ta gaishe ta. "Mama, ke ce babba a nan. Yaushe itatuwan nan suka yi wannan girma?"

Mata suka zuba wa Yaya ido. Ciyaman yana ta ƙifta mata nasa kamar ƙwaro ya faɗa ciki. Yaya ta dubi mai tabarau.

"'Yar nan, ni dai da na tafi rijiya da safe babu su. Da na dawo na tarar har sun haihu."

Kafin kowa ya ce uffan, sai aka ji mai aski daga tsakiyar layi. Ya tsaya gaban wani reshe mai kauri, baki sake.

"Jama'a, wannan ai fatar wasa askata ce!"

"Iska ce ta kawo ta," in ji Ciyaman.

"Har da ƙusar da na kafa ta da ita?"

Daidai nan ƙura ta taso daga bakin daji. Lokacin dawowar dabbobi ya yi, kuma ba wanda ya gaya musu ana da baƙi. Makiyayi yana ta ihu a ba da hanya. Ciyaman ya ruga tsakiyar burtali ya ɗaga hannu yana busa usur. Jan bajimin nan ya ratse shi, ya nufi itacen farko, ya cika baki da ganye ya fizga. Itace ya biyo shi gaba ɗaya. Bajimi ya firgita ya kaɗa kai, igiya ta sarƙe a ƙaho, ya zura a guje. Sai ga lambun Ciyaman yana fita daga ƙasa ɗaya bayan ɗaya, fit, fit, fit, a jere kuwa, ba wanda ya tsallake na gabansa. Igiyar ta kwashe ƙafafun Ciyaman, ya yi sama ya dawo da baya a kan fararen duwatsunsa. Awaki suka bi ta kansa suna rububin ganye.

Da ƙura ta lafa, mai tabarau ta sunkuya ta ɗauki wani reshe da ya tsinke. Ta juya gindinsa, ga saran adda fari tas.

"Malam, ina saiwar?"

Yana zaune a ƙasa, hannun kwat ɗaya ya yage, amma bakin bai mutu ba. "Sabon iri ne, ranki ya daɗe. Saiwar daga baya take zuwa."

Sai aka ji kururuwa daga cikin unguwa. Mai aski ne ya riga kowa zuwa wurin sana'arsa. Jama'a suka ɗunguma, baƙi ma suka bi. Tsohon mangwaron da kakanni suka sha inuwarsa yana tsaye ƙwal, an yi masa askin da mai aski bai taɓa yi wa kowa irinsa ba. A gindinsa kuma, cikin rana tsaka, ga kujerun da aka aro don baƙi, sahu-sahu, ba wadda ta fi wata fitowa ko da faɗin yatsa.

Mai tabarau ta dubi itacen, ta dubi kujerun. "Kujerun dai sun jeru. Wa ya jera su?"

Wallahi sai da Ciyaman ya ɗaga hannu.

"To ka riƙe wannan aikin," in ji ta. Ta shiga mota.

Famfo dai ƙetaren rafi aka haƙa shi. Can kowane gida a bakin magudana ya dasa nasa. Ciyaman ya je ya gano, ya dawo yana cewa itatuwansu duk a karkace suke, abin kunya. Mutanen ƙetare ba su yi rowa ba, sun ce a zo a ɗiba, amma sai in nasu sun gama. Ga shi kuma sai an gangara rafi an hau, abin da gwiwar Yaya ba za ta iya ba.

Ranar da aka buɗe famfon, da sassafe Ciyaman ya ji usur a ƙofar ɗakinsa. Ya shafa wuya, ba komai. Ya fito yana murza ido. Yaya ce zaune a kan turmi da usur ɗin a bakinta. Igiyarsa, wadda makiyayi ya kwance daga ƙahon bajimi, an ja ta daga bakin ɗakinsa har waje. A jikinta jarkokin matan unguwa ne kaf, babu ko ɗigo a ciki, manya a gaba, ƙanana a baya. Mata sun tsaya sun harɗe hannu. Ga baro an jingine. A zaure kuma mai aski ya riga ya kafa bencinsa, don ya ce inuwar da aka ci masa a nan zai fanshe.

"Wannan kuma mene ne?" in ji Ciyaman.

"Mataki na huɗu," in ji Yaya. "Kai za ka cika su a ƙetare kullum, har mangwaron can ya mayar da inuwarsa."

"Haka ne, Yaya," in ji mai baro.

Ciyaman ya cika ƙirji zai yi jawabi. Sai idonsa ya faɗa kan wata jarka a tsakiyar layi da ta ɗan fito daga igiya. Ya kau da kai. Ya sake dubawa. Ya kasa daurewa, ya je ya sunkuya ya gyara mata zama.

"Tunda ka taɓa," in ji Yaya, "ɗauka."